Haske a ƙwaƙwalwar ɓera: wace dabara ce za ta iya rayuwa a ɗakin bincike a Kano?

Wata Asabar bayan la'asar 'yar yayata ta zo gidana a Gyaɗi-Gyaɗi da kwamfuta a jaka. Ta gama digiri na biyu a ilimin aikin sassan jiki, ta samu gurbin wata 6 a wani ɗakin bincike a Turai, an kuma ce ta zaɓi dabara ɗaya ta koya, da sharaɗin za ta dawo ta kafa ta a gida da ɗan tallafin da za a ba ta. Abin da take son ganowa ba baƙo ba ne ga mazaunin garin nan: me tiramol ke yi wa ƙwaƙwalwa har yaro ya kasa rabuwa da shi.

Ta ce, "Kawu, kowa cewa yake in koyi oftojenetiks, dabarar sarrafa jijiyoyin ƙwaƙwalwa da haske, wai ita ake yayi."

Na ce, "'Yar nan, yayi ai na atamfa ne. Fara gaya mini, so kike ki ji abin da ƙwaƙwalwar ke faɗa, ko so kike ki ba ta umarni?"

Ta yi shiru. Daga wannan shirun hirar ta miƙe har aka kira magariba, muka dawo muka ɗora. Na yi shekaru ina yi wa ɓeraye tiyata kafin in dawo gida, kuma tambayar nan ba ita kaɗai ke yi mini ita ba, shi ya sa na ga gara in rubuta amsar sau ɗaya.

Akwai abin da kusan duk dabarun da za ta iya zaɓa suka haɗu a kai, kuma shi ne mafi yawan wahalar. Ƙwayar jijiyar ɓera ba ta san haske ba, ba ta jin sa, ba ta fitar da shi. Dole a kai mata umarnin gado na wani furotin da aka aro daga wata halitta, ita kuma ta ƙera shi da kanta. Ɗan aiken shi ne wani bairos marar lahani da ake kira AAV. Ana sa ɓera barci, a kafe kansa a wani ƙarfen awo mai ma'auni uku, a huda ƙoƙon kai da ɗan ƙaramin injin haƙa irin na likitan haƙori, a zura allurar gilashi zuwa daidai wurin da taswira ta nuna, a tura ruwan da bai kai rabin maikrolita ba (maikrolita kashi ɗaya ce cikin miliyan na lita) a hankali. Sannan a jira mako 3 zuwa 4 furotin ya taru. Ƙwaƙwalwar gaba ɗaya ba ta kai rabin giram ba, kuskuren rabin milimita kuwa ya isa ya kai ka wata unguwa daban. Kusan kowace hanya ka zaɓa, wannan tiyatar tana jiran ka.

Mu fara da ba da umarni, tunda shi ne ya ɗauke hankalin duniya.

Akwai wata ƙaramar halittar ruwa mai ƙwaya ɗaya, dangin gansakuka, da ke iyo ta nufi haske. A 2002 da 2003 Georg Nagel da Peter Hegemann da Ernst Bamberg a Jamus suka bayyana furotin ɗin da take gani da shi: ƙofa ce a jikin ƙwayar, shuɗin haske na taɓa ta sai ta buɗe, sinadarai masu cajin lantarki su kwarara ciki. A 2005, a ɗakin binciken Karl Deisseroth a Jami'ar Stanford ta Amurka, Ed Boyden da Feng Zhang da abokan aikinsu suka sa wannan ƙofar, ChR2, a ƙwayoyin jijiya, suka nuna cewa walƙiyar shuɗin haske mai tsawon zango kusan nanomita 470 tana sa jijiya ta harba saƙo cikin ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. A 2007 aka samo na kashewa, wanda ruwan ɗorawar haske ke motsawa. Shi kuma daga wata ƙwayar halitta ya fito da aka tsinto a tafkunan kanwa na Wadi Natrun a Masar. Duk sanda na ga tulin kanwa a kasuwar Kurmi sai na tuna cewa irin wannan ruwan ne ya ba mu makashin jijiya.

Kafin wannan, da lantarki ake tsokanar ƙwaƙwalwa, wanda kamar a harba bindigar gargajiya ne a tsakiyar taron biki: kowa zai zabura, ba za ka san zaburar wa ta jawo abin da ya biyo baya ba. Oftojenetiks kuwa maroƙiya ce mai kirarin gida ɗaya, 'yan gidan kawai ke miƙewa. Sakamakon farko-farko ya girgiza mutane. A 2011 Dayu Lin ta haska wani ɗan gungun jijiyoyi a can ƙasan ƙwaƙwalwa, ɓera mai zaman lafiya ya far wa safar hannu da aka hura wa iska da cizo, aka kashe haske ya bari. A shekarar dai, a ɗakin binciken Scott Sternson, aka kunna jijiyoyin yunwa na AgRP, ƙosasshen ɓera ya hau ci kamar wanda ya kwana uku bai sa komai a baki ba.

To me kake buƙata? Leza ko ƙwan LED mai ƙarfi, zaren gilashi mai kaurin maikromita 200 (kashi ɗaya cikin biyar na milimita) da ake dasawa a kai a liƙe da simintin haƙori, igiyar da ke kai haske, da wani ɗan majuyi da ke hana ta murɗewa idan ɓera na zagaye. Kayan ba su fi ƙarfin ƙaramin tallafi ba, musamman in aka tafi da LED. Tsadar tana wani wuri. Dabarar ba ta da daɗi sai ka iya ware nau'in jijiya ɗaya, kuma hanyar da aka fi bi ita ce amfani da ɓerayen da aka sauya wa gado, masu ɗauke da wani mabuɗi da ake kira Cre a cikin irin jijiyar da kake nema kaɗai. Mafi yawansu daga Jackson Laboratory da ke jihar Maine ta Amurka ake sayen su. Ka yi tunanin ɓera mai rai a akwati daga can zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, da takardun killace dabbobi, da izinin hukumar kula da halittun da aka sauya wa gado wadda aka kafa a 2015, sannan ka raine su su hayayyafa, kana gwada gadon kowane ɗa da aka haifa. Ana iya kauce wa wannan ta hanyar haɗa bairos biyu, ɗaya ya bi jijiya ta baya ya kai mabuɗin, ɗayan ya kai ƙofar, amma tiyata ta ninku kenan.

Akwai kuma tarkon da masu talla ba sa faɗa. Haske na ɗumama nama. A 2019 wani bincike daga ɗakin Anatol Kreitzer ya nuna irin hasken da aka saba amfani da shi na iya ɗaga zafin wurin har zuwa digiri 2, ya sauya harbin jijiya ko da babu wani furotin da aka sa. Don haka dole ka ware wasu ɓeraye da za a yi wa komai da komai, har hasken, amma ban da ƙofar. Babban tarkon ma shi ne na tunani: idan ka tilasta wa jijiyoyi dubu su harba lokaci ɗaya, sau 20 a daƙiƙa, ka nuna abin da za su iya jawowa ne, ba lallai abin da suke yi a rayuwar yau da kullum ba.

Kishiyar oftojenetiks ita ce kemojenetiks, wadda ba haske a cikinta ko kaɗan, amma duk wanda zai yi zaɓi da idon basira sai ya ɗora ta a sikeli. A 2007 ɗakin binciken Bryan Roth ya fitar da wasu makarɓai (furotin masu karɓar saƙon sinadari a jikin jijiya) da aka yi wa kwaskwarima, DREADD, waɗanda ba sa amsa wa sinadaran jiki sai wani magani na musamman. Bairos ɗin dai za ka tura, amma ba zare, ba leza, ba igiya. Ranar gwaji ka yi wa ɓera allura a ciki, cikin rabin awa jijiyoyin da ka zaɓa su ƙara kuzari ko su lafa, su zauna haka na awoyi. Ba ta da saurin haske, ba za ka iya cewa "kashe mini su daidai lokacin da ya sa baki a kwalba" ba. Amma tambayoyi da yawa ba sa buƙatar wannan saurin. Idan abin da kake son sani shi ne ko lafar da wani gungu zai rage wa ɓera marmarin komawa ɗakin da ya saba samun tiramol, awoyi biyu na shiru sun fi maka walƙiya amfani. Ita ma da nata aibin: a 2017 aka tabbatar maganin da aka fi amfani da shi, CNO, yana rikiɗa a jiki ya koma kilozafin, maganin taɓin hankali da likitoci suka sani, wanda shi kansa yana taɓa ƙwaƙwalwa. Sai a rage yawansa, ko a koma sabon da ake kira DCZ, kuma a riƙa yi wa ɓerayen da ba su da makarɓin allurar don a gani. Ga ɗakin binciken da wuta ke ɗaukewa tsakiyar aiki, dabarar da kayan aikinta ranar gwaji sirinji ne da agogo ba abar rainawa ba ce.

Nan 'yar yayata ta katse ni. "To Kawu, ai shi ke nan, in ɗauki ta allurar."

Na ce, "Kin san waɗanne jijiyoyi za ki kashe?"

"Na dofamin," wato sinadarin da ƙwaƙwalwa ke saki idan an samu abin jin daɗi ko ana sa ran samunsa.

"Yaushe suke tashi? Lokacin da maganin ya shiga jini, ko lokacin da ɓera ya hango kwalbar? A rana ta farko haka suke da rana ta 14?"

Ba ta sani ba, kuma ba laifinta ba ne. Wannan sai an saurara.

Labarin jijiyoyin yunwar nan shi ne hujjata. Bayan gwajin 2011 kowa ya ɗauka suna aiki ne har ciki ya cika sannan su lafa a hankali. A 2015 ɗakin binciken Zachary Knight a San Faransisko ya saurare su a ɓera mai yunwa, sai ga shi suna yin tsit cikin daƙiƙoƙi da ganin abinci, tun bai kai loma baki ba. Shekaru huɗu ana ba su umarni ba a san haka ba.

Sauraro da haske ya dogara ne kan wani furotin daban. Asalinsa koren furotin mai ƙyalli na wata halittar teku, wanda ya jawo wa Osamu Shimomura da Martin Chalfie da Roger Tsien kyautar Nobel a 2008. A 2001 Junichi Nakai a Japan ya haɗa shi da wani ɓangare mai kama kalsiyam, aka samu GCaMP. Duk sanda jijiya ta harba, kalsiyam na shiga cikinta, furotin ya kama shi, in ka haska masa shuɗi ya mayar maka da kore mai ƙarfi. Samfurin GCaMP6 da cibiyar Janelia ta fitar a 2013 shi ne ya sa dabarar ta bazu. Ka riƙe abu ɗaya: harbin jijiya kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yake ɗauka, ƙyallin kuwa yakan ɗauki wani yanki mai kauri na daƙiƙa kafin ya dushe. Sawun ƙafa kake gani, ba ƙafar ba.

Hanyoyin ganin wannan ƙyallin uku ne, kuma makarantar allo ce ta fi sauƙaƙa mini bayaninsu.

Ta farko, fotometiri ta zare, kamar ka tsaya a bayan katangar zaure ne. Kana jin karatu ya ɗaga, kana jin ya lafa, ka san daidai lokacin da malam ya ɗaga bulala don amon ya ninka, amma ba ka san muryar wane yaro ce ba. Zare ɗaya ne mai kaurin maikromita 200 zuwa 400, shi ke kai shuɗin haske ɗan kaɗan, ƙasa ƙwarai da na oftojenetiks, shi ne kuma ke dawo da koren zuwa na'urar awo. Abin da kake samu layi ɗaya ne mai hawa da sauka. Ana haɗawa da wani haske na kusan nanomita 405 wanda ƙyallinsa bai damu da kalsiyam ba, don in ɓera ya girgiza kai ko igiya ta lanƙwasa a gane motsi ne ba jijiya ba. Dabarar ta kafu ne a 2013 da 2014. Tiyatarta ita ce mafi sauƙi, ɓera na yawonsa, zaren na kaiwa ko'ina komai zurfi, bayanan kuwa kwamfutar cinya ta ishe su. Akwai na kamfani, akwai kuma buɗaɗɗen tsari irin pyPhotometry da aka wallafa a 2019, wanda mai haƙuri zai iya harhaɗawa.

Abin da ya sa na fi jingina gare ta a batun tiramol shi ne abin da ya faru a 2018. A shekarar ne ɗakin Lin Tian a Kalifoniya ya fitar da dLight, na Yulong Li a Jami'ar Peking ya fitar da GRAB-DA. Waɗannan furotin ɗin ba kalsiyam suke gani ba, dofamin ɗin kansa suke kamawa su yi ƙyalli. Ma'ana ba ka buƙatar ɓeran da aka sauya wa gado. Ka tura bairos a cibiyar lada ta ƙwaƙwalwa, wadda ke zurfin milimita 4 da 'yan kai daga saman ƙoƙon kai, ka dasa zare a samanta, ka ga dofamin na hawa da sauka a ɓera na yau da kullum. Duk wahalar jigilar dabba mai rai daga Amurka ta faɗi. Abin da zai ƙetare teku 'yar kwalba ce da ba ta kai ɗan yatsa ba.

Ta biyu ita ce miniskop, ƙaramin madubin bincike da ake ɗora wa ɓera a ka. Wannan leƙe ne ta taga: kana ganin yara ɗaya bayan ɗaya, ka san wanda ke karatu da wanda ke gyangyaɗi. Na farko da ɗakin Mark Schnitzer ya wallafa a 2011 nauyinsa giram 1.9 ne. Daga baya Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalas ta saki nata tsarin kyauta, mai kusan giram 3, wanda ya sauko da farashi ƙasa sosai. Ga ɓera mai giram 25, wannan kamar mutum ne ya wuni da tulu a ka, amma suna sabawa. Kana iya ganin jijiyoyi gommai zuwa ɗaruruwa, ka bi su kwana da kwanaki, ka gane cewa a gungu ɗaya wasu na tashi wasu na lafawa, abin da fotometiri za ta haɗe ta nuna maka kamar ba abin da ya faru. Wannan fifiko ne na gaske. Farashinsa kuwa a hannu yake da haƙuri. Don a ga wuri mai zurfi sai an dasa sandar gilashi mai faɗin rabin milimita zuwa milimita 1, wadda ke ture nama mai yawa a hanyarta. Sai a jira makonni wurin ya washe, sannan a sake wata ƙaramar tiyata a liƙa mazaunin kyamara. Sabon hannu zai yi asarar ɓeraye da yawa kafin ya ga jijiya ɗaya tas. Ni kaina na taɓa jiran mako 6 a kan ɓeraye takwas, na ɗora kyamara na ga hazo kawai a bakwai. Bayan haka ga bidiyo mai cinye ma'aji, ga koyon manhajojin tace shi irin CaImAn. Wata 6 ba su isa mutum ya ƙware ya kuma dawo ya koyar ba.

Ta uku, madubin bincike mai tagwayen ƙwayoyin haske, wanda Winfried Denk da James Strickler da Watt Webb suka ƙirƙira a Jami'ar Cornell a 1990, ita ce sarauniya wajen kyan hoto, har rassan jijiya kana gani. Ba zan daɗe a kanta ba. Kuɗinta dala dubu ɗaruruwa ne, lezarta na son sanyi da wuta marar yankewa da ɗaki marar ƙura, in ta lalace sai injiniya ya taso daga waje. Kan ɓera a kafe yake yana gudu a kan ƙwallo ko faifai, kuma ba ta kai milimita 1 a zurfi sai an ƙara mata sandar gilashi. Wanda tambayarsa ke buƙatar ta, ya nemi haɗin gwiwa ya je inda take. Ko ya zauna a Kano ya sauke bayanan da Cibiyar Allen ta Siyatil ta saki kyauta, na dubban jijiyoyi, ya yi nazarinsu da kwamfuta da data. Ɗalibanmu na raina wannan hanyar don ba a ganin mutum da farar riga, alhali takardu masu nauyi na fitowa daga cikinta.

Kada kuma a manta da tsohon hannu, wayar lantarki mai sauraro. Ita ce zama kusa da yaro ɗaya kana jin kowane harafi. Ba bairos, ba jiran mako 4, ba ruwanka da firiza, kuma saurinta ya fi na kowane ƙyalli. Samfurinta na 2017, Neuropixels, yana da wuraren sauraro 960 a kan tsinke ɗaya mai tsawon santimita 1. Rauninta shi ne ba ta faɗa maka nau'in jijiyar da kake ji kai tsaye, ba ta ganin dofamin, kuma tana kwashe duk wata hayaniyar lantarki. Wanda ya taɓa gwada ta kusa da janareto, a ginin da wayar ƙasansa ba ta da kyau, ya san abin da nake nufi.

Yanzu ga inda Kano ke shigowa, kuma a nan ne zaɓin ke yankewa, ba a kundin farashin kamfani ba.

Bairos na zuwa ne cikin busasshiyar ƙanƙara mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifili, wadda ke bin iska kullum. In kaya ya kwana huɗu ko biyar ana jiran sa hannu, akwatin zai iso da ɗumi. Na taɓa karɓar irin wannan, muka yi tiyata a kan fata, bayan wata guda ba ƙyalli ko ɗis. In ya iso lafiya, mazauninsa firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili, kuma narkewa da sake daskarewa na rage masa ƙarfi, don haka ranar da ya zo ake rarraba shi ƙananan kwalabe. Wannan firizar ba ta san an ɗauke wuta ba. Sola da batura da inbata da aka ware mata ita kaɗai suna gaba da kowace leza a jerin sayayya. Haka ɗakin dabbobi: ƙa'ida ita ce digiri 20 zuwa 26, da awa 12 haske awa 12 duhu ba fashi. A watan Afrilu garin nan na haura 40. Ɓeran da ya wuni cikin zafi, ko aka kunna masa fitila tsakar dare don mai gadi na neman caja, ba ɓeran da ka auna jiya ba ne, kuma dofamin ɗinsa zai nuna. Da hunturu kuma ƙura ce. Bakin zaren gilashi ɗan ɗigo ne, ƙwayar ƙura ɗaya a kansa ta isa ta rage haske, ka zauna kana fassara datti a matsayin sakamako.

Sai nau'in ɓeran. Taswirar ƙwaƙwalwa da kowa ke bi, ta Paxinos da Franklin, a kan baƙin ɓera C57BL/6 aka zana ta. Mafi yawan ɗakunan dabbobinmu fararen ɓeraye ne masu jan ido, girman kansu na bambanta, ganinsu ma bai kai na baƙaƙen ba. Ana iya aiki da su, amma sai ka fara tura tawada a ɓeraye da dama, ka yanka ƙwaƙwalwar ka ga inda allura ta sauka, ka gyara lambobinka. Wannan ya kai mu ga abin da kusan kowace takardar neman tallafi ke mantawa: a ƙarshen gwaji dole a fitar da ƙwaƙwalwa, a yanka ta siriri, a duba a madubi mai ganin ƙyalli a tabbatar bairos da zare sun sauka inda aka ce. Ba wannan, ba mujallar da za ta karɓi aikin. In babu irin madubin a sashenku, ku nemo inda yake tun kafin ku taɓa ɓera, ko da a Damaturu ne, inda cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe da Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa ke da kayan ɗaukar hoton ƙwayoyin halitta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Izinin kwamitin ɗa'a, maganin kashe zafi bayan tiyata, da ɗumama ɓera har ya farfaɗo, waɗannan ba ado ba ne. Hakkin dabba ne a kanmu, kuma ɓera mai jin ciwo bayanan ƙarya yake bayarwa.

Abin da Kano ke da shi kuma kada a raina. Akwatin gwaji mai ɗaki biyu da ake saya da dala, kafinta mai hankali zai yi maka shi, masu yankan roba da gilashi su gama. Yaran kasuwannin waya na Farm Centre da titin Beirut da ke gyaran allon waya da ɗan ƙarfen narka dalma sun fi yawancin masu digiri na uku iya haɗa ƙananan wayoyi. Kyamarar kwamfuta ta talaka da manhajar DeepLabCut, wadda kyauta ce tun 2018, sun isa su bi motsin ɓera. Malamin da burinsa ɗalibai su ga oftojenetiks da idonsu kuwa, ba sai ya taɓa ɓera ba: ƙudan 'ya'yan itace da aka sauya wa gado, da abincin da aka zuba wa sinadarin retinal, wanda ƙofar hasken ke buƙata, da jan ƙwan LED sun isa. Ba tiyata, ba bairos, ba firiza. Ƙungiyar TReND in Africa ta daɗe tana koyar da irin wannan a jami'o'in nahiyar.

Da muka zo ƙarshe na ce mata ga yadda nake gani. Mai tambayar "yaushe, kuma nawa" ya ɗauki fotometiri. Mai tambayar "waɗanne daga cikinsu" ya ɗauki miniskop, amma ya nemi shekara biyu ba wata 6 ba. Mai tambayar "in babu su zai yiwu?" ya fara da allurar DREADD, ya koma haske sai in lokaci na da muhimmanci a tambayarsa, kamar mai son yanke farfaɗiya daidai sanda ta taso. 'Yar yayata kuwa fotometiri da furotin ɗin ganin dofamin ce tata. Ƙarin dalili shi ne zaren da ta koyi dasawa shi ne dai zaren oftojenetiks. Ranar da ta ga abin da ya cancanci a tsokana, jan LED kawai za ta ƙara da bairos mai ɗauke da Chrimson, wanda ke amsa wa jan haske, don shuɗin ChR2 zai yi karo da shuɗin da take aunawa da shi.

Ta rufe kwamfuta ta ce, "Kawu, kar su ce na zaɓi mai sauƙi."

Na ce, "Ki bar su su ce. Wata 6 ɗin nan ki yi tiyata har hannunki ya daina rawa, ki koyi yanka da duba ƙwaƙwalwa, ki kwance na'urar ki mayar da kanki sau biyu a gabansu. In za ki dawo ki cika jaka da zaruruwa da igiyoyi da simintin haƙori, su ne ke ƙarewa ba a samu a nan. Kuɗin tallafin kuwa kar ki bari ya kwana a naira yana jiran taron kwamiti, ki duba farashin dala a Wapa na bara da na bana."

Ta tambayi abin da za ta fara saya. Na ce firiza da baturanta, kuma a kunna ta wata guda ba komai a ciki, da ma'aunin zafi mai rubuta kansa, kafin ta aika a turo mata kwalba ko ɗaya.